Hannun Wartinah a Kan Tagulla

Manhajar ta sake mutuwa a hannun Narti, a daidai inda ta saba mutuwa, kiɗa ya fara daɗi ke nan. Lasifika ta yi wata ƙara kamar an take wutsiyar kyanwa, fuskar kwamfuta ta yi fari, sai shiru. Fanka kawai ke juyawa, da muryar mai tallar tempe, wainar waken soya, a bakin layi.

"Innalillahi," in ji Narti, ta ɗage hannuwanta daga kibod. "Mas Darmaji, wannan abin naka ya fi Mbak War saurin tafiya. Ita dai ta yi jinya."

"A wurina tana aiki."

"A wurinka komai yana aiki. Kai da littattafanka da garar da ke cin su."

Narti ƙanwar matata ce, mai buga kibod a gidajen biki, irin matan da ake jin dariyarsu kafin a ga babur ɗinsu. Mas take ce mini, wato yaya. Ita kaɗai a duk birninmu na Solo ke iya yi mini wasa da mutuwar yayarta in bar ta ta sha shayina.

Wartinah, matata, wadda Narti ke kira Mbak War, wato yaya War, ta tsufa tana buga gendèr a ƙungiyar kiɗan gargajiya, gamelan, ta unguwarmu: fallayen tagulla a jere bisa igiya, kowane da bututunsa a ƙasa, sanduna biyu masu kan yadi a hannu. Nata na gado ne, daga kakarsu. Lokacin da likita ya daina kallonmu ido cikin ido, na aro makirufo biyu, na rufe tagogi da barguna, na sa ta bugi kowane falle shi kaɗai, a hankali, da tsaka-tsaki, da ƙarfi. Na ce mata bincike nake yi. Tsohon malamin kimiyya ne ni, ƙaryar ta yi kama da gaskiya. Ta yi kamar ta yarda, don ta fi ni ladabi.

Bayan rasuwarta fallaye biyu suka tsage. Yayansu, Mas Gondo, wanda ke riƙe da ganga da shugabancin ƙungiyar da duk wani abu da aka bari a ƙasa, ya kwashe su gaba ɗaya ya kai wa maƙeran ƙetaren kogi, aka narkar, aka zuba sabo. Sabon yana ƙyalli kamar haƙorin zinare, kuma haka yake magana. Tsohuwar muryar ba ta saura ko'ina a duniya ba sai cikin kwamfutata.

Don haka na koyi abin da dattijo mai hankali ba ya koya. Fulogin sunansa a bakin masu sana'ar: ƙaramar manhaja da ake cusawa cikin babbar manhajar kiɗa, a danna kibod ta fitar da sautin da aka ajiye mata. Na rubuta mata umarni layi-layi, da tabarau biyu a hanci. Burina bai fi cikin cokali ba. Sadakar kwana dubu ta matso, wadda daga ita ba a sake taruwa don mamaci. Bayan addu'a ƙungiyar za ta yi kiɗa, kuma ina so gendèr ɗin Wartinah, bugun Wartinah, ya kasance a cikinsu. Narti ta san salon yayarta, a gabanta ta koya. Yatsun nata ne, muryar ta matata.

Sai dai abin ba ya kai tsakiyar waƙa.

Na zargi wayar kibod, na sayi sabuwa. Na zargi kwamfutar Narti, wadda ta manne da hotunan amare har ba a ganin inda take numfashi, muka koma tawa, ta mutu a tawa. Na goge komai na sake zubawa. Duk mutuwa manhajar tana barin rahoto mai tsawo kamar hukuncin kotu, kuma kamar hukuncin kotu, abin da ya ƙunsa jimla ɗaya ce: ta sa hannu inda ba a ba ta izini ba. Wane wuri? Wane hannu? Shiru. Na kai rahoton dandalin masu sana'ar a intanet. Wani bawan Allah daga ƙasar sanyi ya ce in karanta littafin jagora. Wani ya ce yadda na jera layukana yana sa masa ciwon ido. Na uku ya ce shi ma tasa haka take yi, ya ɓace, bai sake dawowa ba. Shi kaɗai na ji wa ƙauna.

Ranar da nake ba da labari, ba mu gama shan shayin takaici ba sai ga Mas Gondo da ƙunshin nasi liwet, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, a ganyen ayaba, saƙon matarsa. Ya cire takalmi, ya tsaya a kan kwamfutar kamar mai duba mara lafiyan da ba ya so ya warke.

"Pak Guru, yaya gawar?"

Pak Guru yake ce mini, wato malam, tun ranar da na nemi auren ƙanwarsa da littafi a hammata.

"Tana samun sauƙi, Mas."

"Narti?"

"Ta mutu sau uku tun azahar," in ji Narti, bakinta cike da shinkafa. Ba a ba ta amana in akwai abinci.

Mas Gondo ya zauna, ya shafa gwiwa. "Dik, ƙanena, saurara. Jibi muna gwaji a rumfar unguwa. In abin nan ya yi mana wannan kukan a gaban jama'a ranar sadaka, ba kai za a yi wa dariya ba, ita za a yi wa. Ka kawo shi jibi. Ya kai ƙarshen waƙa, to, madalla. Ya faɗi, Narti ta zauna a kan sabon gendèr, magana ta ƙare."

"Sabon gendèr ba ita ba ce."

"Wannan akwatin ita ce?"

Na karanta littattafai da yawa a kan wannan tambayar, wasu har da sharhin sharhi, amma babu wanda ya tanadar mini amsar da zan bai wa mai ganga yana sakace haƙori. Na ce na ji.

Da ya tafi na yi abin da ya kamata in yi tun farko, abin da na shekara talatin ina gaya wa ɗalibai: kada ka yi zato, auna. Manhajar tana da jerin gurabe inda take ajiye duk sautin da ke cikin iska, sauti ya ƙare ta sake gurbinsa. Na ƙara layi ɗaya, ta riƙa nuna mini a kusurwa gurabe nawa ke cike. Na danna falle. Ɗaya. Na saurara har ya narke, lambar ta koma sifili. Na danna wani.

"Haka kake gwada ta?" in ji Narti.

"Ta yaya kuma?"

"Kamar mai ziyarar kabari. Matsa."

Ta sa hannu biyu. Gendèr ba ya hutawa, dama na saƙa, hagu na warwarewa. Lambar ta tashi kamar farashin barkono da damina: goma, ashirin, arba'in. Babu wanda ke sauka. Tagullar kakarsu tana da dogon numfashi, falle ɗaya sai ya yi ta amo har mutum ya manta ya buge shi. Gurabe suka cika, sabon sauti ya zo bai sami wuri ba, ya zauna inda ba a ba shi izini ba. Kyanwa ta yi kuka, fuska ta yi fari.

Na daɗe ina kallon farin. Ba sai an gaya mini ba. Can saman rubutun akwai layin da na sa da hannuna tun makon farko, wanda ya umarci manhajar ta yi kunnen uwar shegu da ɗaga yatsa. A danna, ta fara. A ɗaga, kada ta kula. Kowane bugu ya rayu har iyakar ransa.

"To ƙara gurabe," na ce, ni da kaina. Na ninka su, na sake ninkawa.

Wannan karon ba ta mutu ba. Gara ta mutu. Sautuka suka hau kan juna, na ɗazu da na yanzu da na ɗazun ɗazu, waƙar ta dame ta zama kunu. Kwamfutar ta ɗau zafi tana nishi. Narti ta tsaya da kanta.

"Mas, Mbak War ba ta taɓa yin wannan surutun ba. Ko a kanka."

"Na sani."

"To kashe su mana. Ka san yadda ake yi, ka shekara nawa kana zaune a bayanta? Sanda ta bugi na gaba, gefen tafi ya danne na baya. Rabin kiɗan ke nan. Wa ya taɓa barin gendèr da baki buɗe?"

"Ba zan yanke ta ba."

"Ita da kanta take yanke kanta."

"Ita ce. Ni ba ita ba ne."

Narti ta dube ni ta saman tabarau, ta ja tsaki mai taushi, ta tafi kicin wanke kofuna, abin da ba ta taɓa yi a gidana ba sai ta ji tausayina, kuma ta san ba na so.

Duk da haka na gwada. Na cire layin, na bar manhajar ta kashe sauti irin nata, da zarar an ɗaga yatsa ta shaƙe shi. Lambar ta zauna lafiya, uku, huɗu, uku. Narti ta kai ƙarshen waƙa karo na farko. Amma kowane bugu yana ƙarewa kamar rediyon da aka ɗauke wa wuta. Babu nauyi, babu fata. Wani abu mara jiki ne ke toshe bakin matata sau ɗari a minti.

"Wannan ya isa," in ji Narti. "Mas Gondo ba zai ji bambanci ba, ganga ta cinye masa kunne ɗaya."

"Ni zan ji."

"To ka zaɓa: kunu, ko gawa, ko wannan. Ina da biki gobe a Sukoharjo, amarya ba za ta jira ka gama baƙin ciki ba."

Akwai na huɗu, kuma na san inda yake. Shi ya sa na kwana ban je ba.

Lokacin ɗaukar sautin, umarnina gare ta ɗaya ne: ki buga, ki ɗage hannu, ki bar shi ya mutu da kansa. Ba ta iya ba. Sai ta buga, ta jira kaɗan, gefen tafinta ya sauka da kansa ya danne. Kowane falle sai mun maimaita sau da yawa kafin in sami mai tsabta. Masu tsabtar na yanke na zuba a manhaja. Sauran na tara su wuri guda, na rubuta musu "ɓatattu". Ba ɓoye suke ba. Kullum ina ganin sunan in na kunna kwamfuta, kamar ƙofar ɗakin da mutum ya daina shiga. A cikinsu ba tagulla kaɗai ba ce. Tana magana.

Da safe na dafa shayi mai kauri, na sa abin kunne, na buɗe na farko.

Falle ya yi amo. Sai wani ɗan "dum" mai laushi, nama a kan ƙarfe, da ƙarar awarwaronta, amon ya durƙusa ya kwanta. Bu nake ce mata, ita ta ce mini Pak, yadda ma'aurata ke yi a nan. Sai muryata, mai ɗaci kamar yadda nake zato: "Bu, na ce ki bar shi."

"Na bar shi, Pak. Hannun ne bai bari ba."

"To gaya wa hannun."

"Hannun nan ya girmi aurenmu. Kai ka gaya masa, kai ne malami."

Na cire abin kunnen. Na fita na duba bishiyar gwanda, wadda ba ta buƙatar dubawa. Na dawo.

Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina yanko daidai wurin da tafin ke sauka. Aikin tela ne, in ka yanka da wuri ka kwaso amo, in ka makara ka kwaso tari ko tsegumi. Ta yi mini gorin barguna a taga. Ta tambaya ko na kashe murhu. A wani wurin ta ce, "In na tafi ka sayar da littattafan nan ka sayi katifa," na amsa mata da wani abu mai wayo wanda ba shi da daɗin ji yanzu. Muryarta tana raguwa daga manyan sautuka zuwa ƙananan, don daga sama muka fara muka gangaro, kuma aikin ya ɗauke mu makonni.

A falle na ƙarshe, mafi kauri, ɗauka ɗaya ce tak. Ta buga, ta bari. Babu tafi, babu awarwaro, babu gori. Ta gaji ne a ranar, ko kuwa ta ga dama ta yi mini biyayya sau ɗaya don in ga yadda take. Ba ni da hannunta a kan wannan. Na yi tunanin aro na maƙwabcinsa in saukar da muryarsa, masu sana'ar haka suke yi, babu mai ganewa. Na bar shi yadda ta bar shi. Ba a yawan taɓa shi a waƙa, ba zai cika gurabe ba.

Na rubuta sabon umarni: in an ɗaga yatsa, a sako tafin wannan falle, amon ya kwanta a ƙarƙashinsa, a saki gurbi. Narti ta iso da la'asar daga wurin biki, da hoda a fuska da ƙunshin waina a jaka. Ta sa hannu biyu. Manhajar ta mutu kafin ta gama layin farko, da sauri fiye da kullum.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ci gaba ke nan! Da sai mun jira."

Na duba lambar da ta tsaya a kai, na duba rubutun. Ashe manhajar ta ɗauki saukar tafin a matsayin sabon bugu. Tafi ya sauka, shi ma a nemo masa tafin da zai danne shi, wannan ma a nemo masa nasa, har gurabe su ƙare. Na gina na'urar da ke ta'aziyyar ta'aziyya. Layi ɗaya ya gyara shi: tafi ba bugu ba ne, kada a bi shi da komai.

Ta sake farawa. Ta yi layi biyu, sai na ga kafaɗunta sun sauka. Ba ta tsaya ba. Ƙarƙashin kowane bugu akwai ɗan nauyin nan, da awarwaro can ƙasa-ƙasa. Lambar tana hawa uku ta sauko biyu, kamar numfashi. Da ta gama ta share hanci da bayan hannu, hodar ta ɓaci.

"Awarwaron nan nawa ne," ta ce. "Aro ta yi ba ta mayar ba."

A wurin gwaji Mas Gondo ya sa aka yi waƙar sau biyu, yana jiran kukan kyanwa. Bai samu ba. Ya juya kunnensa mai kyau wajen lasifika, ya daɗe, sannan ya ce a rage ƙara, ta fi rebab, gogen ƙungiyar. Yabonsa ke nan, kuma na karɓa.

Ranar sadaka aka yi addu'a bayan la'asar, maza a tabarma, kwalayen shinkafa a jere a bango. Aka wanke tattabaru biyu da ruwan furanni aka sake su, yadda ake yi. Suka yi kewaye ɗaya suka sauka a rufin maƙwabcin da ya sayar mana da su. Kowa ya yi kamar bai gani ba.

Aka ajiye kibod a inda take zama, tsakanin rebab da ganga, a ƙasa, Narti ta naɗe ƙafa a gabansa. Ni ina gefe da kwamfuta a cinya, ina gadin lamba. Sabon gendèr yana jingine a bango an rufe shi da zane. Waƙar ta tafi a hankali. Wata tsohuwa cikin masu rera waƙa ta waiga sau biyu wajen lasifika, sannan ta daina waigawa. Ban ji abin da littattafai suka yi alkawari ba. Na ji zafi a cinya, da ciwon baya, da matata tana aiki.

Mas Gondo ya ja ganga, kiɗa ya lafa, babban gong, faifan tagullar da ke rufe waƙa, ya faɗi. Bugun Narti na ƙarshe ya sauka a falle mafi kauri. Sauran kayan suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, kowa ya danne nasa. Gong ma ya ƙare. Wannan bai ƙare ba. Narti ta ɗaga yatsa, ya ci gaba. Na ga gefen tafinta ya sauka da kansa a kan robar kibod, ya danna, ba abin da ya canza.

Lambar tana kan ɗaya. Mas Gondo ya dube ni, hannunsa a kan fatar ganga, ya ɗaga gira: ta lalace ne?

Na girgiza kai.

Muka jira. Yaran layi suna ƙwallo, wani babur ya wuce, shinkafa tana hucewa a kwali. Amon ya yi ta sirancewa har na daina sanin ko kunnena ne ko lasifika. Ban duba jama'a ba, na duba kusurwar allo, don ita ba ta da ladabin yi mini ƙarya. Ɗaya. Ɗaya. Sifili.

"To," in ji Mas Gondo. "A raba abinci."

Na rufe kwamfutar. Narti tana naɗe waya a gwiwar hannu, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Mas, ka ba ni abin nan in riƙa zuwa biki da shi. Amare za su so shi."

"A'a."

"Na san za ka ce haka. Riƙe mini jakar nan, in ɗauko mana kwali biyu kafin Mas Gondo ya gama da naman."